Kambin Surukina da Fankar Coci

"Na ce ba zan ci ciyawa ba, Mama Fasto! Ko da wa za a haɗa ni, ba zan ci ba."

"Ai ba cewa aka yi ka haɗiye ba," in ji matar fastonmu. "Ka ɗan sa a baki, ka tattauna, ka yi kukan shanu kaɗan, shi ke nan an wuce wurin."

"Kukan shanu? Ni?"

Surukina ke nan, mijin autata, wanda kowa ke kira Mai Tayil saboda shagunansa na kayan gini. Yana tsaye a tsakiyar ɗakin ajiya na cocinmu, tsakanin karyayyun kujeru da gangunan mawaƙa, ya buɗe hannuwa kamar za a shanya shi. Ni kuma ina zaune kan 'yar kujera a gabansa ina gwada masa rigar sarauta, bakina cike da allurai. Shi ya sa ba ku ji muryata ba tun farko. Duk wanda ya san ni ya san ba halina ba ne, allurai ne.

Ga abin da ya kawo rigimar. Cocinmu na da wasan kwaikwayo guda ɗaya tak, shi muke yi kowace shekara, don shi muke da kayansa, kuma jama'a ba su taɓa cewa sun gaji ba. Labarin sarkin nan ne na cikin Littafi Mai Tsarki, mai dogon suna. Tun ina da haƙora ban iya faɗin sunan ba, balle yanzu. Shi ne wanda ya hau saman fadarsa, ya dubi birni, ya bugi ƙirji ya ce duk ƙarfinsa ne ya gina. Bai rufe baki ba Ubangiji ya ɗauke masa hankali, aka kora shi daji, ya yi ta kiwo tare da shanu, raɓa na jiƙa shi, gashi ya yi buzu-buzu. Sai da ya ɗaga ido sama ya gane wanda ke da mulki na gaskiya, sannan aka mayar masa da hankalinsa da kambinsa.

Tun yaranmu na ƙanana mijina ne ke yin sarkin. Tsohon direban bas ne, ni har yau Direba nake ce masa. Da kambin kwali da rigar da na ɗinka daga tsohon labule yake fitowa, amma idan ya zauna kan kujerar nan, wallahi sai ka manta mutumin da ke rigima da kwandasta ne a kan canji. Ya yi sarauta, ya ci ciyawa, ya ɗaga ido sama, a mayar masa da kambi, mata su yi guɗa. Ranar ce kaɗai a shekara nake zuba masa nama biyu ban yi ƙorafi ba.

Bana sai ga surukina. Za a zaɓi sababbin dattawan ikkilisiya, wato shugabannin coci, shi kuma yana so a gan shi. Ya fara da shimfiɗa wa dandamalin coci tayil mai sheƙi, kyauta. Tun daga ranar, idan ya shigo sujada, sai ya tsaya a ƙofa ya ɗan dubi dandamalin kafin ya dubi gicciye. Daga nan ya ce shi zai yi sarki. Direba ya yi murmushi ya ce ai dama gwiwoyinsa sun gaji, ya bar masa. A gida kuwa na same shi ya ciro kambin kwalin daga saman kabad yana share masa ƙura da hannun riga. Da ya gan ni sai ya ce wai gizo-gizo yake nema.

To sai aka zo kan ciyawa, surukina ya ce atafau.

"A cire wurin mana," in ji shi. "Sai a ce sarki ya ɗan yi rashin lafiya, ya warke. Ciyawar ce bishara?"

"Idan aka cire ciyawa me ya rage?" in ji Mama Fasto. "Mutum ya hau kujera ya yi fahariya ya sauko lafiya? Wannan ai kullum muna gani, ba sai mun sa kaya ba."

Na kusa haɗiye allura.

Surukina ya juya, idonsa ya faɗa kan Direba, wanda ke zaune kan wani benci kusa da ƙofa yana murza gwiwa. Sai na ga fuskarsa ta washe, irin washewar da yake yi idan baƙo ya shigo shago bai san farashi ba.

"Yawwa, ga mafita. A raba sarkin biyu. Ni in yi na kan kujera. Idan hukunci ya sauka, sai in shige bayan labule, Baba ya fito da rarrafe ya yi na dajin. Ai ya saba, ciyawar ma ta san shi."

"Idan aka zo mayar da kambi fa?" in ji Mama Fasto.

"Sai Baba ya rarrafa ya koma ciki, ni in fito in karɓa."

Na tofar da alluran a tafin hannuna.

"Baban yara," na ce masa, don ban taɓa kiran sunansa ba, suruki ne, "wato kai ka yi zunubin, tsohona ya sha hukuncin, kai kuma ka dawo ka karɓi ladan tuban?"

"Haba Mama, wasa ne fa."

"To tunda wasa ne ka ci ciyawar mana."

"Mama, ku duba matsayina. Ma'aikatana za su zo kallo. Gobe in ce wa yaro ɗauko kwali, ya tuna ya gan ni ina kiwo?"

"Shi tsohon ba shi da masu ganinsa?"

"Tela, bari," in ji Direba, haka yake ce mini saboda keken ɗinkina. "Ba komai. Zan yi."

Na san dalilinsa. Idan surukina ya yi fushi a waje, a gidan Auta yake sauke shi. Ba ya duka, ba ya zagi, kar in ɗauki alhakinsa. Kumbura yake yi kamar burodin da aka jiƙa, ya cika falo, ya daina cin abinci, ya yi ta tsaki har yara su riƙa tafiya da sanɗa. Direba ya gwammace ya ja gwiwa a kan tayil da Auta ta sha wannan zaman.

Da yamma ina shafa masa man zafi a gwiwoyin, suna ƙara kamar ƙofar tsohuwar bas ɗinsa.

"Kai yanzu ka zama sarkin haya," na ce. "A ɗauko ka don ciyawa, a mayar da kai."

"Hidimar Ubangiji ce."

"Hidimar Mai Tayil dai. Ka taɓa jin inda mutum ya tuba a madadin surukinsa?"

"Ke dai shafa a hankali. Kina magana da hannu."

Ba rarrafen ne ya fi ci mini rai ba, duk da na san zai kwana biyu bai miƙe ba. Rarrafe ba kambi ne. Duk shekarun nan yana durƙusawa ne da sanin za a ɗaga shi a gaban kowa. Bana zai shiga da ciki ya fita da ciki, kuma na san daga bana gwiwoyin ba za su ƙara yarda ba. Wato abin da jikokinmu za su riƙe ke nan: kakansu da ciyawa a baki, ubansu da kambi.

Da na zo addu'ar kwanciya sai na yi wa Ubangiji bayani dalla-dalla. Na ce, "Uba, kai ka yi wa wancan sarki mai dogon suna, kai ka nutsar da mai karusai a teku, ka sa tsutsa ta cinye wanda ya yarda a ce masa allah. Ni ban ce ka kai can ba, uban jikokina ne, kuma shi ke saya mini maganin hawan jini. Ɗan kaɗan dai. Ka fi ni sanin awo."

Direba ya ce daga ƙarƙashin bargo, "Ba zan ce amin ba."

"Ba da kai nake ba."

Ranar gwaji na gaba surukina ya iso da kambinsa. Ya ce kwali na talakawa ne, ya sa mai walda ya ƙera masa na gwangwani, dogo, mai tsinaye a sama, an fesa masa fenti ruwan zinariya, har da maɗaurin roba a ƙarƙashin haɓa. Rigar kuma ya ce in ƙara mata tsawo ta riƙa jan ƙasa a bayansa. Na ƙara. Kujerar sarautar ma ya ce ta yi ƙasa, na baya ba za su gan shi da kyau ba. Ya sa aka kawo katakan da ake ɗora kwalayen tayil a kai, aka jera, aka ɗora kujera a sama, aka rufe da jan ƙyalle.

Yanzu sai in gaya muku zancen fanka. A saman dandamalin nan akwai wata tsohuwar fanka mai dogon wuya. Wani fasto da muka taɓa yi ne, gajere mai yawan gumi, ya sa aka sauko da ita ƙasa-ƙasa don iska ta same shi. Ya tafi, ita ta zauna. Kuma a cocinmu ba a kashe fanka. Wuta ba ta da lokacin zuwa, fankar ce ke gaya mana an kawo, shi ya sa makunninta kullum a kunne yake, har aka manna masa salatif don kar yara su taɓa. Ɗan janaretonmu kuwa lasifika kawai yake iya ja. Da rana muke gwaji, lokacin da wuta ba ta taɓa leƙo mu ba, saboda haka fankar na tsaye cik kamar hoto, kowa ya manta da ita.

Ni tela ce, idona awo ne. Da surukina ya hau, ya miƙe tsaye a kan katakan nan da kambi a ka, sai na ga tsinin kambin ya shige tsakanin fukafukan fanka biyu ya zauna daram.

Ina jin tsoron Allah, na faɗa. Na ce, "Baban yara, kambin nan bai yi tsawo ba kuwa?"

Ya dube ni daga can sama ta cikin tabaransa masu kauri. "Mama, ku tsaya a kan ɗinki. Wannan sha'anin maza ne."

Sai na tsaya a kan ɗinki. Iyayena sun koya mini biyayya.

Riƙe maganar nan ya kusa sa mini ciwo. Na kwana ina juyi. Da safe na ga in ban sauke ba zan fashe, sai na gaya wa mutum ɗaya kawai, ƙawata Uwar Tagwaye, na kuma ce kar ta gaya wa kowa. Ta rantse. A taron zumuntar mata na makon nan, da aka ce a kawo roƙon addu'a, mata huɗu daban-daban suka ce a roƙa mana wuta ranar Lahadi. Mama Fasto ta ce ba ta taɓa ganin mun damu da wuta haka ba. Muka ce zafi ne.

Amma gaskiya ban sa rai ba. Wuta da safiyar Lahadi? Ba mu taɓa gani ba. Na ce idan ta zo, to ba hannun mutum.

Ranar ta zo, coci ya cika har taga. Ma'aikatan surukina sun kama benci guda a gaba, an ce musu duk wanda bai tafa ba ya san sauran. Mu tsofaffin zumunta mu ne shanu, kamar kullum. Muna zaune kan ƙananan kujeru a gefen dandamali, kowace da ƙahon kwali ɗaure a kan ɗankwalinta, an baza ɗanyar ciyawa a gabanmu, wadda aka yanko da safe a bayan coci da raɓarta. Ni ce babbar saniya, a gaba nake. Ku riƙe wannan, don daga baya an ce ni na kunna fanka. Makunnin na can bangon baya. Ni ina nan da ƙaho a ka, a gaban jama'ar Allah.

Ta gefen labule ina hango Direba. An sa masa buhu, an ɗora masa gashin igiya a ka, Auta na durƙushe tana naɗe masa gwiwoyi da tsumma. Ba ta kallon fuskarsa. Na kawar da kai.

Aka buga ganga, sarki ya fito. Kar in yi ƙarya, ya yi kyau. Rigar na jan ƙasa, kambi na walƙiya, ciki ya riga shi isa kujera. Ya zauna, fadawa suka faɗi. Annabi ya zo ya yi masa kashedi a kan mafarkinsa, ya ce ya bar girman kai ya ji tausayin talakawa. Surukina ya kore shi da bayan hannu, yadda yake korar mai neman ragi. Wannan wurin bai buƙaci gwaji ba.

Sai ya miƙe tsaye a kan katakan, ya kama makirfo. Abin da aka rubuta masa gajere ne, amma ya ƙara nasa.

"Ku dubi wannan birni! Wa ya gina shi? Ni! Ku dubi wannan fada! Ku dubi ƙasan da kuke takawa, yadda yake sheƙi! Wa ya shimfiɗa shi? Da ƙarfina, da dukiyata, da..."

Ƙwan fitilar da ke saman ƙofa ya yi ƙif, ya mutu, ya sake kamawa.

Uwar Tagwaye ta damƙe cinyata har na ji farcenta.

Fankar ta yi gurnani irin na tsoho zai tashi daga tabarma. A hankali take farawa. Fiffike na farko ya zo ya taɓa tsinin kambin, ƙwal, ya juya shi gefe. Surukina ya tsaya da baki buɗe, yana zaton wani ne ya jefe shi. Na biyu ya zo da ɗan ƙarfi, ƙwal! Na uku bai yi wasa ba. Kambi ya tashi, robar haɓa ta fizgo tabarau ta yi gaba da su, gwangwanin ya daki tayil ya yi ta gangarawa yana ƙara har ya shige ƙarƙashin labule. Shi kuma ya sunkuya da sauri, ya taka jelar rigar da ya ce in ƙara, ƙafa ta sauka kan tayil ɗinsa mai santsi inda raɓar ciyawa ta jiƙa. Suuu, sai ga sarki a gabana, gwiwa biyu hannu biyu, fuska cikin ciyawa.

Mai koyar da mawaƙa shi ne muryar sama, yana ɓoye bayan babbar ganga. Mutum ne da bai taɓa makara a kan layinsa ba, kuma daga inda yake ba ya ganin komai. Da ya ji sarki ya yi shiru sai ya saki murya: an ƙwace mulki daga hannunka, da dabbobi za ka zauna, ciyawa za ka ci, sai ka san Maɗaukaki ne ke ba da sarauta ga wanda ya ga dama.

Coci ya ɗauka gaba ɗaya: "Amin!" Ma'aikatansa suka tuna umarni, suka hau tafi kamar hannuwansu za su cire.

Surukina ba tabarau ba ya gane hancinsa. Ya hau lalube cikin ciyawa, yana rarrafe nan da can, ganye ya manne masa a leɓe da gira. Makirfon na kwance kusa da shi, duk nishin da ya yi sai lasifika ta kai wa na waje. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Kai, wannan ya fi na bara!" Mu shanu kuwa an koya mana idan sarki ya faɗo mu kewaye shi. Muka ja kujeru muka kewaye shi.

Tabaran na nan dab da ƙafata. Ban san yadda aka yi ba, bakin zanena ya sauka a kansu.

Ya lalubo ya kama idon ƙafata. Ya matso, ya gane warin man zafi.

"Mama!" ya ce ƙasa-ƙasa. "Mama, ku ne? Tabarauna! Don Allah, tabarauna!"

Na dube shi. Na tuna gwiwoyin da ke bayan labule naɗe da tsumma.

Na ce, "Muuu."

Saniya ina ta san tabarau?

Ya ƙara zagaye ɗaya, ya yi karo da Uwar Tagwaye, ta tura masa damin ciyawa da ƙaho. Daga nan ya gaji. Ya zauna a kan dugadugansa, ya ɗaga kai sama yana neman abin da ya buge shi, ya ɗaga hannuwa biyu yana kare kansa kar a ƙara. Iskar fanka na kaɗa ciyawar da ke gashinsa. Sai ya ce, da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba, "Wayyo Ubangiji, ka rufa mini asiri!"

Ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Ko me ya sa shi faɗa, daga ciki ta fito.

Mama Fasto mace ce mai saurin kai. Ta yi wa fadawa alama, suka zo suka kama shi suka shige da shi bayan labule. Saura mayar da kambi, ganga na ta bugawa, ba sarki. Rigar surukina ta yage tun daga kafaɗa, ba ya gani, yana zaune kan bokiti yana tofar da ganye. Ni daga inda nake ina ganin komai ta tsagar labule.

Auta ce ta sunkuya ta ɗauki kambin. Ta miƙar da tsinin da ya lanƙwashe a kan gwiwarta. Ta cire gashin igiyar daga kan ubanta, ta yaye buhun, ta ciro tsohuwar rigar labule daga cikin kwalin kayan wasa ta yafa masa. Direba na cewa, "Auta, mijinki fa," ta ɗora masa kambi ta danna, ta tura shi waje.

Ya fito a tsaye, da ƙafafunsa. Tsumman gwiwa na leƙowa ta ƙasan riga, kambin ya yi masa yawa ya zauna kan kunnuwa, gefe ɗaya a lotse. Fadawa suka nuna masa kujera can sama. Ya dubi kujerar, ya dubi fanka, ya tsaya a ƙasa abinsa. Ba tare da makirfo ba ya yi magana, da muryar da yake kiran fasinja. Ya ce ya ɗaga ido ya ga ashe shi ba kowa ba ne, mulki na Mai Sama ne, kuma duk mai tafiya da girman kai, akwai wanda ya iya sauko da shi. Mata suka saki guɗa. Jikokina suka hau kan benci suna ihu, "Kaka ne! Kaka ne!" Ni kuwa ga ni da ƙaho, hawaye na zuba a kan ciyawa. Uwar Tagwaye ta ce in yi hankali kwalin zai jiƙe.

Bayan an tashi muka taru a ɗakin ajiya. Direba na zaune kan bencinsa da kofin shayi, kambi na nan a kansa, ya ce wai robar ce ta maƙale. Surukina na tsaye a tsakiya, yana nuna yatsa inda yake zaton nake. Gangar mawaƙa yake nunawa.

"Mama, da hannunku a ciki!"

"Ina nan ta hagunka, baban yara. Wane hannu? Ni nake kawo wuta?"

"Kun san da fankar nan!"

"Na ce kambin ya yi tsawo. Ka ce in tsaya a kan ɗinki."

"Sau ɗaya kuka faɗa!"

"Shi wancan sarkin sau nawa annabi ya faɗa masa?"

Auta ta juya tana gyara wani kwali da ba ya buƙatar gyara, kafaɗunta na rawa.

Sai ga fasto ya shigo da dattawa biyu. Ya kama hannun surukina da hannu biyu yana girgizawa.

"Ɗan'uwa, ka ba mu mamaki. Mun ji an ce ka ƙi ciyawa, ashe ɓoye mana ka yi. Yadda ka faɗo nan, ko ni sai da na tsorata. Da wannan kukan na ƙarshe! Dattawa na ta cewa mutumin da zai ƙasƙantar da kansa haka a gaban ma'aikatansa, ya bar wa surukinsa kambi, irinsa muke nema."

Na kalli idon fasto. Ya sani sarai. Fuskarsa dai a natse, kamar ta mai raba jibin Ubangiji a tsakiyar ibada.

Surukina ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya ce hatsari ne, dattawa sun ji. Idan ya yi shiru, ya karɓi ciyawa. Sai tausayi ya ɗan kama ni. Na ciro tabaran daga ƙullin zanena.

"Ungo, na tsinta a wurin kiwo."

Ya sa. Abu na farko da ya gani shi ne Direba da kambi yana hura shayi. Na biyu, matarsa na share hawayen dariya da gefen mayafi. Na uku, fuskarsa a gilashin taga, da ganye a bayan kunne.

"Kambin nan nawa ne," in ji shi. "Ni na sa aka ƙera."

Direba ya ajiye kofi ya kai hannu zai cire. Mama Fasto ta dafa hannunsa.

"Naka ne mana, ba mai ƙwace maka. Baɗi ma kai za ka fara sa shi. Mun ga tsarin bana ya fi kyau, haka za mu riƙa yi. Kai ka yi kujera da daji, Baba ya yi na ƙarshe. Gwiwoyinsa sun huta ke nan."

"Idan ba wuta ranar fa?" in ji Uwar Tagwaye daga ƙofa.

"Zumuntar mata za ta yi addu'a," na ce.

Surukina ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya tattaro jelar rigar ya rungume a ƙirji.

"Auta, tashi mu tafi gida."

"Yi gaba, ina zuwa," in ji ta. "Zan taya Baba cire kambi. Da alama zai ɗauki lokaci."

"Ni ma haka na gani," in ji Direba, ya sake ɗaukar shayinsa.

"Baban yara," na ce, "tsaya in cire maka ganyen nan, kar awakin hanya su biyo ka."

Bai tsaya ba. Ya ratsa tsakanin dattawa, ya fita, ya jawo ƙofar da iyakar ƙarfinsa, garam!